Babi na Biyar: Saura Nawa?

Bayan la'asar, idan sanyin Jos ya fara gangarowa daga kan duwatsu, ƙanwata kan fito da kaskonta bakin wani lungu a Dutse Uku ta hau suyar awara. 'Yarta mai shekara takwas ce ma'aji. A kan benci take zama da robar kuɗi a cinya, ko fensir ba ta riƙewa. Wata rana ina wajen, wani saurayi ya sayi awara bakwai, hamsin-hamsin, ya miƙa ɗari biyar. Kafin uwar ta juya na cikin kasko, yarinyar ta zaro hamsin ta ba shi. Ya ce, "Ke, ina sauran canjina?" Ta ce, "Canjinka ɗari da hamsin ne. Jiya ka tafi da bashin ɗari, na cire." Saurayi ya yi dariya ya kama gabansa.

A daren ranar ta kawo mini littafinta na makaranta, an zabga masa jan biro daga sama har ƙasa. Tambayar farko da Turanci take, ga abin da take nufi: wata yarinya tana da tuffa 12, ta ba ƙawarta wasu, ya rage mata 7, nawa ta bayar? Amsar da ta rubuta 19. Na ce, "Ya aka yi kika samo sha tara?" Ta ce, "Kawu, ai lamba biyu ce, kuma wannan satin tarawa muke yi."

Na rufe littafin na ce, "To, saurara. Awara sha biyu ke cikin faranti, Mama ta aike ki cikin gida, kika dawo kika tarar saura bakwai. Nawa aka ɗauka?" Ko numfashi ba ta ja ba ta ce, "Biyar. Wa ya ɗauka?"

Ko lamba ɗaya ban canza ba. A babin da ya gabata mun ga yadda yaro ke koyon ƙirga da gane lambobi. Wannan babin zai duba abin da ke biyo baya, wato lissafin da ake ba yaro cikin zance, wanda zan riƙa kira lissafin labari. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, da yawa daga cikin yaran da ke faɗuwa a wannan fanni sun iya tarawa, sun iya ɗebewa. Labarin ne bai shiga kansu ba, kuma babu wanda ya taɓa nuna musu cewa ana so ya shiga.

Yaran talla da shekarun matuƙin jirgi

Abin da na gani a bakin kaskon awara masana sun daɗe da ganinsa a wasu ƙasashe. A 1985 wasu masu bincike uku, Terezinha Nunes da David Carraher da Analúcia Schliemann, suka wallafa abin da suka gano a birnin Recife na ƙasar Burazil. Sun je wajen yara biyar masu talla, 'yan shekara 9 zuwa 15, suka yi ciniki da su kamar kowane mai saye. A bakin sana'a yaran sun ba da amsa daidai a kashi 98 cikin ɗari na tambayoyin. Daga baya aka ba su takarda da fensir, aka maimaita musu lissafin da lambobin da suka riga suka yi aiki da su. Da aka saka lambobin cikin ɗan labari sun ci kusan kashi 74. Da aka ba su tsurar lambobi ba labari, sai abin ya faɗo zuwa kusan kashi 37.

A lura da wannan da kyau, domin akasin abin da malamai da yawa ke zato ne. Mukan ɗauka labari shi ke wahalar da lissafi, don haka a fara haddace lambobi, labari ya zo a ƙarshen zango. Yaran Recife sun nuna cewa labarin da yaro ya gane sanda ce da yake dogarawa. Idan aka ƙwace ta ne yake tuntuɓe.

Sai dai akwai labarin da yaro ke karantawa ba tare da ya ji shi ba. A 1980 masu binciken koyar da lissafi a Grenoble ta Faransa suka yi wa yara 97 'yan ƙananan azuzuwan firamare wata tambaya: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Yara 76 suka sarrafa lambobin suka ba da amsa, kamar su tara 26 da 10 su ce shekarunsa 36. Idan aka yi wa yaran nan wannan tambaya a gida cikin hira, dariya za su yi. A aji kuwa sun riga sun koyi cewa duk tambaya tana da amsa, amsar tana cikin lambobin da aka bayar, kuma wanda ya bar gurbi fanko shi ke shan faɗa. Dokar da 'yar ƙanwata ta bi ke nan ta samo 19.

Mai karatu na iya gwada wannan yau. Ka ce da ɗanka, "A gidan mai unguwa akwai kaji 8 da agwagi 5, shekarun mai unguwa nawa?" In ya kalle ka ya ce, "Baba, ina ruwan kaji da shekaru?" to ka gode Allah. In ya ce sha uku, akwai aiki a gabanka, kuma aikin ba na haddar lamba ba ne.

Labari iri huɗu

Mu manya mukan ga kamar lissafin labari biyu ne kawai, na tarawa da na ɗebewa. A wajen yaro abin ya fi haka. Thomas Carpenter da Elizabeth Fennema da abokan aikinsu a Jami'ar Wisconsin ta Amurka sun shafe shekaru suna kallon yadda ƙananan yara ke warware irin waɗannan tambayoyi, suka kasa su gida huɗu bisa abin da ke faruwa a cikin labarin.

Na farko labarin ƙari. Ladi tana da ƙwai 6, kazarta ta ƙara yin 3, ƙwai nawa ke nan? Na biyu labarin ragi. Bas ta taso daga Farin Gada da fasinja 14, mutum 5 suka sauka a hanya, saura nawa? A waɗannan biyun akwai motsi, wani abu ya shigo ko ya fita, shi ya sa yaro ɗan shekara biyar ma kan iya kwaikwayon su da yatsu.

Na uku labarin haɗi, inda babu abin da ya motsa. A garke akwai awaki 9, huɗu baƙaƙe, sauran jajaye, jajayen nawa ne? Ba akuyar da ta ɓata, ba wadda aka yanka, amma sai an ɗebe. Yaron da aka koya wa cewa ɗebewa na nufin a ɗauke wani abu kan tsaya cak a nan. Na huɗu labarin gwadi, wanda ya fi ba yara wuya. Bala yana da alewa 9, Ayuba yana da 6, da nawa Bala ya fi Ayuba? Yara da yawa kan ce tara, domin sun ji an ambaci Bala da "fi", sai su faɗi abin da ke hannun wanda ya fi.

Wani mai bincike, Tom Hudson, ya nuna a 1983 cewa wahalar gwadi a lafazi take. Ya nuna wa yara hoton tsuntsaye da tsutsotsi, tsuntsayen sun fi yawa. Da ya tambayi 'yan ajin share fage da nawa tsuntsaye suka fi tsutsotsi, kashi 25 cikin ɗari ne suka amsa daidai. Da ya juya tambayar ya ce kowane tsuntsu zai je ya ɗauki tsutsa, tsuntsaye nawa ne za su rasa, sai kashi 96 suka amsa daidai. A gidan Bahaushe wannan ba baƙon zance ba ne. Yara bakwai sun zauna cin shinkafa, cokali biyar ne a gidan, mutum nawa za su ci da hannu? Babu yaron da zai rasa amsa, musamman in ya taɓa zama cikin waɗanda suka rasa cokalin. Daga nan sai a ɗora masa: ka ga yara sun fi cokula da biyu. Ta haka kalmar "fi" ke samun wurin zama.

Bayan irin labarin, akwai wurin da aka ɓoye amsa. Ana iya ɓoye ta a ƙarshe, kamar misalin bas. Ana iya ɓoye ta a tsakiya, kamar awarar da aka ɗauka. Ana iya ɓoye ta a farko: Inna ta aiki Bala kanti, ya sayi sabulu na 300, ya dawo da canjin 200, nawa aka ba shi? Wannan na ƙarshe ya fi sauran nauyi, saboda yaro ba shi da lambar da zai fara ƙirga daga kanta. Idan aka haɗa ire-iren labarin da wuraren ɓoye amsa, masanan Wisconsin sun lissafa tambaya iri 11. Ka buɗe littafin aikin ɗanka ka duba. Galibi za ka tarar iri biyu ake ta nanatawa, ƙari da ragi masu amsa a ƙarshe. Ranar jarrabawa sai a jefo masa na tara ko na goma, a ce ba ya ja.

Tarkon kalma

Saboda son sauƙi, malamai da iyaye kan ba yaro wata gajeriyar hanya: in ka ga "duka" ka tara, in ka ga "saura" ka ɗebe, in ka ga "fi" ka ƙara. Hanyar kan yi aiki sati biyu ko uku, daga nan ta zama tarko.

Ga misali. Mama ta soya ƙosai, aka sayi 15, saura 8, nawa ta soya? Mai farautar kalma zai ga "saura" ya ɗebe ya samu 7. Wato Mama ta soya ƙosai bakwai ta sayar da sha biyar. Ga wani. Bala yana da alewa 9, ya fi Ayuba da 3, alewar Ayuba nawa? Mai farautar kalma zai ga "fi" ya tara ya ce 12, sai wanda aka fi ya koma shi ne mai yawa.

Babbar illar wannan hanya ita ce tana koya wa yaro kada ya karanta. Idonsa na tsallake zancen yana neman lamba biyu da kalma ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a cikin wake. In kuma da Turanci tambayar take, tarkon ya ƙara zurfi, domin kalmar da suke amfani da ita wajen cewa "saura" ita ce kuma "hagu", ita ce kuma "ya tafi". Yaron da bai wuce shekara biyu da fara jin harshen ba, da wanne zai ji?

Lissafin da ke bakinmu

Sunan unguwar Dutse Uku ma da lamba a cikinsa, haka Unguwa Uku ta Kano. Bahaushe da ƙirga yake magana, kuma harshen ya tanadar wa yaro abubuwan da malami zai iya ɗorawa a kai. Idan yaro ya ce "goma sha uku", ya riga ya faɗi cewa goma ce da uku a kanta. Idan kakarsa ta ce "ashirin ba biyu" tana nufin 18, ko "talatin ba ɗaya" tana nufin 29, ɗebewa ta yi a cikin sunan lamba. Inda Hausa ke da ɗan duhu shi ne ashirin da talatin har zuwa casa'in, waɗanda muka aro daga Larabci, domin ba sa nuna goma nawa ke cikinsu. Tsohuwar ƙirga ta fi fito da abin fili: gomiya biyu, gomiya uku. Yana da kyau yaro ya ji duka biyun, ya san cewa hamsin goma biyar ce.

Kasuwa kuma tana da nata salon ɗebewa. Tsaya a Kasuwar Katako ko wajen masu kayan gwari a Farin Gada ka saurari yadda ake ba da canji. Ka sayi kayan 650 ka ba da dubu. Mai kaya zai ce, "Ga hamsin, ɗari bakwai. Ga ɗari uku, dubu." Bai ɗebe komai ba, ciko ya yi, ya hau daga ƙasa zuwa sama. Wannan hanya sahihiya ce, kuma tana tsare yaro daga kuskuren da ya fi yawa a aji biyu da aji uku. Ka ba yaro 52 a ɗebe 38 a rubuce, sau da yawa zai kawo 26, saboda ya ga ba a ɗebe takwas daga biyu, sai ya juya ya ɗebe biyu daga takwas. Mai ciko kuwa zai ce daga 38 zuwa 40 biyu, daga 40 zuwa 52 sha biyu, sha huɗu ke nan. Hanyar aro da ake koyarwa a allo tana da ranarta, amma ya kamata ta zo ta tarar da yaro ya san inda amsa za ta faɗo.

Iyayenmu sun yi lissafin da ya fi wannan sarƙaƙiya da ka. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, amma har yau akwai dattawan kasuwa da ke ambaton fam da jaka suna juya su zuwa naira a zuci. A Maraɗi da Damagaram da dala ake ƙirga kuɗi, kowace dala tamma biyar ce ta sefa, don haka yaron da aka ce wa dala ashirin ya san ɗari ake nufi. A zaure kuma, rabon gado da fitar da zakkar dabbobi lissafin labari ne na manya: wane ya rasu ya bar wance da wane, kowa nawa zai samu? Wani malamin Katsina, Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a kan hatimin lambobi. Mafi ƙanƙantar irin wannan hatimi gida tara ne, an zuba 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi zai ba da 15. Zana shi a ƙasa ka share gida biyu ko uku, ka ce yaro ya cike. Tambayar da zai yi wa kansa, "me zan ƙara wa 2 da 7 in samu 15?", ita ce dai tambayar mai ba da canji.

Da wane harshe?

Aji ɗaya a Dutse Uku kan tara 'ya'yan Jarawa da Hausawa da Anaguta da Birom da Angas da Ibo da Yarbawa. Kowa da harshen gidansu, amma a filin wasa da cikin keke da wajen mai shayi, Hausa ce ke haɗa su. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. Kafin nan, tun daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara darussan firamare da Yarbanci na shekara shida, Turanci yana matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Gwamnatoci sun yi ta sauya magana a kan wannan batu, iyaye da yawa kuma don Turanci suke biyan kuɗin makaranta mai zaman kanta. Ban ga laifinsu ba, tunda da Turanci ake rubuta jarrabawa.

Shawarata ba ta buƙatar jiran gwamnati. A ba da labarin da harshen da yaro ke mafarki da shi, ya warware, sannan a maimaita masa labarin nan da Turanci da lambobin nan. Ya riga ya san abin da ya faru, saboda haka kalmomin Turancin za su sami abin kamawa. Ta haka ya ci riba biyu, ya yi lissafi kuma ya ƙaru da harshe. In aka fara da Turancin da bai ji ba, an haɗa masa jarrabawa biyu a tambaya ɗaya, kuma in ya faɗi ba za a san wacce ya faɗi ba.

Yadda za a zauna da yaro

Ba a buƙatar sayen komai. Tsakuwa, marfin kwalbar lemo, ƙwallon dabino, tsinken tsintsiya da aka ɗaure goma-goma da zare, duk sun isa. Minti goma bayan cin abincin dare ya fi awa biyu ranar jajibirin jarrabawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Fara da labarin ba lamba. "Mama ta soya ƙosai, aka sayi wasu, wasu suka rage." Tambaye shi: wa ke cikin labarin? Me ya faru? Ƙosan da ta soya da wanda ya rage, wanne ya fi yawa? Yaron da ya amsa wannan ba zai ƙara cewa bakwai ba. Sai ka saka lambobin, ka ce ya maimaita maka labarin da bakinsa. In ya kasa maimaitawa, kada a je ga lissafi tukuna.

Daga nan ya taka labarin da hannu. Ga tsakuwa, ga faranti, ya zama shi ne Mama, kai ne mai saye. Bar shi ya ƙirga da yatsu in yana so. Yatsu ba abin kunya ba ne, da kansa zai bar su ranar da ya sami hanyar da ta fi sauri, kamar ya riƙe babbar lamba a ka ya ɗora ƙaramar.

Bayan hannu sai zane. A ƙasa ko a allo, ja dogon layi na alewar Bala, ka ja gajere a ƙarƙashinsa na Ayuba, su fara daga wuri ɗaya. Ɗan abin da dogon ya ɗara gajeren, shi ne "fi". Makarantun Singafo sun ɗauki irin wannan zane tun farkon shekarun 1980, ya zama ginshiƙin yadda suke koyar da lissafin labari. Tsarin tafiya daga abin taɓawa zuwa hoto zuwa alama kuwa, masanin Amurka Jerome Bruner ya bayyana shi tun 1966. Sai an wuce waɗannan matakai ake rubuta 15 + 8 = 23 na ƙosan Mama, kuma a lokacin yaro ya san abin da kowace lamba ke wakilta.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa: a mayar da amsa cikin labari. Yarinya tana da tuffa 12 ta bayar da 19, zai yiwu? Da na yi wa 'yar ƙanwata wannan tambaya, rufe baki ta yi tana dariya ta ce, "Sai dai in sato ta yi." George Pólya, a littafinsa na 1945 kan dabarun warware matsalar lissafi, da wannan mataki na waiwaye ya rufe matakansa huɗu.

Idan yaro ya fara sabawa, juya wasan. Rubuta 9 − 4 ka ce ya ƙirƙiro labari. Zai kawo maka na 'ya'yan dara da aka cinye masa, ko na kuɗin makaranta da ya kashe a wajen mai rake. In kullum labarin ragi yake kawowa, ce masa, "Kawo mini wanda ba a ɗauke komai ba." Kada a manta da kacici-kacici. Tsuntsaye goma a kan bishiya, maharbi ya harbo ɗaya, saura nawa? Wanda ya ce tara ya yi ɗebewa daidai. Wanda ya ce babu ko ɗaya, duk sun tashi, ya saurari labarin. Yabi kowanne, ka sa su yi gardama.

Abu biyu ke rushe wannan aiki. Na farko gaggawar ba da amsa. Uwa ta gaji, tuwo na kan wuta, sai ta ce, "Rubuta biyar mu tashi." An cike gurbi, ba a koyi komai ba. Na biyu bulala da tsawa. Yaron da ke kallon hannun malami ba ya tunani, canka yake yi, yana duban fuska ya ga ko ya dace. Maimakon "ba daidai ba ne", a ce, "Nuna mini yadda ka yi." Wannan tambaya a yi ta ko amsar daidai ce, don kada yaro ya ɗauka sai ya yi kuskure ake tambayarsa dalili. Sau da yawa yana cikin bayani zai tsaya ya ce, "Au, ba haka ba ne," ya gyara da kansa. Gyaran da yaro ya yi wa kansa ya fi zama a kai fiye da jan biro goma.

Malamin da ke da yara sittin ko fiye a aji zai ce ina lokacin wannan duka? Gaskiya ne, aikin da yawa. Amma tambaya ɗaya da aka ba da labarinta, yara uku suka fito gaban allo kowa ya nuna hanyarsa, ta fi tambaya ashirin da aka kwafa daga allo aka yi wa maki. A raba su biyu-biyu da marfin kwalba goma-goma, ɗaya ya ba da labari, ɗaya ya warware, su yi musanya.

'Yar ƙanwata tana nan tana karɓar kuɗin awara. Abin da ya canza shi ne, in ta buɗe littafi yanzu takan ɗora yatsa a kan lambobin ta rufe su, ta karanta zancen tukuna, wani lokaci ta ce, "Kawu, wannan irin na bashi ne," ko "wannan irin na cokali ne." Ta sa wa ire-iren labarin sunayen da ta ga dama, ni kuma ban hana ta ba.

A babi na gaba za mu shiga ninkawa da rabawa. Kafin nan, ya kai uba, ya ke uwa, ya kai malam: yau da dare a samo tsakuwa ashirin, a kira yaro, a ba shi labarin abin da ya gani da idonsa a gidan nan ko a bakin layi. In ya ba da amsa, kada a ce masa daidai ko kuskure tukuna. A ce masa, "Ya aka yi ka sani?" sannan a yi shiru a saurare shi.